DARASIN WATA: INA DUWATSUN ƘASAR BIRNIWA SUKA TAFI?



Kwanakin baya mun kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Birniwa. Da aka gama karatu, sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Sana'arsa haƙar rijiya. Ya ce, "Malam, ina da tambaya. Na fi shekara 30 ina haƙar rijiya a ƙasar nan, ban taɓa cin karo da dutse ba. Daga yashi sai yumɓu, daga yumɓu sai yashi. Dutsen niƙa ma sai an kawo mana daga nesa. Amma da na je garin Dutse na ga duwatsu sun fi gidaje tsawo. To, mu ina namu suka tafi?"

Na ce masa, "Baba, duwatsunku ba su je ko'ina ba. Suna nan ƙarƙashin ƙafarka. Binne su aka yi."

'Yan aji suka yi dariya, amma maganar gaskiya ce. Matambayi ba ya ɓata, don haka muka ga ya dace mu ba da cikakkiyar amsa a nan, kowa ya amfana. Sanin wannan tarihi zai taimake mu wajen haƙar rijiya, da zaɓen wurin gini, da tsare gonakinmu.

YADDA AKE KARANTA ƘASA

Mai haƙar rijiya ya san ƙasa hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka jibga wata kan wata. Tabarmar da ke ƙasa ita aka fara shimfiɗawa. Ta sama ita ce ta ƙarshe. Haka ƙasa take. Abin da ke can ƙarƙashi ya girmi abin da ke sama.

Akwai masana da aikinsu ke nan. Ana ce musu masana ilimin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa. Suna duba abin da injin burtsatse ya fito da shi. Suna ɗaukar guntun itace, ko ƙashi, ko yashi, su kai ɗakin bincike a auna shekarunsa. Ta haka suka gano tarihin da za mu kawo. Duk abin da suka gano aikin Allah ne. Su dai sun duba ne, sun auna, sun rubuta.

Za mu yi ta ambaton kalmar miliyan. Miliyan 1 shi ne dubu sau dubu. In mutum zai ƙirga ɗaya, biyu, uku, kowace daƙiƙa lamba guda, ba barci ba hutu, sai ya yi kwana 11 da rabi kafin ya kai miliyan 1.

MATAKI NA 1: DUTSEN GINDI

Can ƙarƙashin ƙasar Hausa duka akwai dutse mai tauri. Shi ne gindin ƙasa. A wajen Kano da Zariya yana kusa, har yakan leƙo waje. Da yawa daga cikin waɗannan duwatsu sun kai shekara miliyan 600. Asalinsu narkakken dutse ne mai zafi da ya huce a cikin ƙasa ya daskare. Duwatsun garin Dutse ƙannensu ne, amma su ma sun haura shekara miliyan 200.

Wannan dutsen gindi ba a miƙe yake ba. In ka baro Kano ka nufi gabas, sai ya riƙa nutsewa a hankali. Tsakanin Wudil da Ringim yake fara ɓuya. Kafin ka iso Haɗejia da Malam Madori da Birniwa ya yi nisa, igiyar mai haƙar rijiya ba ta kai masa. A Borno ya fi haka nisa.

MATAKI NA 2: LOKACIN DA TEKU YA ZO

Yau in ɗan Birniwa yana son ganin teku sai ya yi doguwar tafiya zuwa Legas. A da can ba haka ba ne.

Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke. Sai suka tsage, suka riƙa nesa da juna, Tekun Atlantika ya shiga tsakaninsu. Tsagewar ta bar wani dogon kwari a cikin Nijeriya, inda Kogin Binuwai da Kogin Gongola suke bi yanzu.

Kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce ruwan teku ya ƙaru a duniya. Ya kutso ta wannan kwari daga kudu. Wani kuma ya gangaro daga arewa ta inda Hamadar Sahara take yau. Suka haɗu. Ruwan gishiri ya rufe ƙasar Gombe da Borno, da Damargu a Jamhuriyar Nijar. Ƙasar Kano da Zariya ta zama tudu, teku ya kewaye ta kudu da gabas da arewa. Inda muke zaune yau ba shi da nisa da gaɓar wannan teku.

Ina shaida? Tana Ashaka, a Jihar Gombe. Farar ƙasar da ake haƙowa a can ana yin siminti, a gindin teku ta taru. Masu haƙa suna samun ɓawon halittun teku da suka zama dutse, wasu a naɗe kamar ƙahon rago. Irinsu ake samu a wajen Tanut a Damargu. Daga baya wani tekun ya rufe ƙasar Sakkwato, ya bar farar ƙasar Kalambaina, wadda ita ma siminti ake yi da ita. Ashe buhun simintin da muke saye a kasuwa saƙo ne daga tsohon teku.

MATAKI NA 3: BABBAR ƘWARYA TA CIKA

Teku ya janye, amma ƙasar gabas ta ci gaba da lotsawa. Ta zama kamar wata babbar ƙwarya. Bakin ƙwaryar su ne tuddan Kano, da tsaunukan Jos, da duwatsun Azbin a Nijar. Tsakiyarta ita ce wajen Tafkin Cadi. Masana suna kiran wannan ƙwarya Kwarin Cadi. Mu muna cikinta, ta gefen yamma.

Rana da ruwan sama suna cin dutse a hankali. Dutse ya zama tsakuwa, tsakuwa ta zama yashi, mai laushin ya zama laka. Koguna suka riƙa kwaso su daga tudu suna zubawa cikin ƙwarya. Inda ruwa ke gudu sai ya ajiye yashi. Inda ya kwanta ya zama tafki sai ya ajiye laka, ta zama yumɓu. An yi shekaru miliyoyi ana haka, har dutsen gindi ya binnu.

Ga amsar tambayar Baba ke nan. Yashin da yake haƙowa niƙaƙƙen dutse ne daga ƙasar Kano da Jos. Yashi ya nuna tsohon kogi. Yumɓu ya nuna tsohon tafki.

A nan ne kuma ruwan rijiya yake. Ba wani kogi ne ke gudu a ƙarƙashin ƙasa ba. Ruwan yana zaune ne tsakanin ƙwayoyin yashi, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Yumɓu kuwa ba ya barin ruwa ya wuce. Shi ya sa rijiyar da ta tsaya cikin yumɓu ba ta kawo ruwa sosai, wadda ta kai yashi mai gautsi kuwa takan cika.

MATAKI NA 4: HAMADA TA SAUKA A KANMU

Tsakanin shekara 20,000 zuwa 13,000 da suka wuce duniya ta yi sanyi ƙwarai. Ƙanƙara ta rufe arewacin Turai. A nan wajenmu kuwa ruwan sama ya ɗauke. Itatuwa suka mutu, koguna suka ƙafe, Tafkin Cadi ya bushe. Hamada ta gangaro kudu har ƙasar Haɗejia da Katagum.

Iska mai ƙarfi ta riƙa kaɗawa daga arewa maso gabas, ta inda iskar hunturu ke fito mana yau. Ta tara rairayi ya zama dogayen tuddai a jere, kamar kunyoyin wata babbar gona. A shekarar 1958 wani masani daga Ingila mai suna Grove ya bayyana cewa waɗannan tuddai ragowar tsohuwar hamada ne.

Ku duba da kanku. Tuddan yashin ƙasarmu sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, da kwari a tsakaninsu. Su ne muke kira jigawa. A kansu muke shuka gero da wake da riɗi da kankana. Daga sunan irin wannan ƙasa aka samo sunan jiharmu, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991.

A lura da wannan da kyau. Jigawar da muke nomawa tulin rairayin hamada ne da ya yi barci. Saiwar ciyawa da ta itace su suka ɗaure shi.

MATAKI NA 5: BABBAN TAFKI

Bayan wuya sai daɗi. Kimanin shekara 11,000 da suka wuce ruwan sama ya dawo, ya ma fi na yanzu yawa. Sahara ta yi kore. Giwaye da raƙuman dawa da dorina suka yi kiwo inda yau ko ciyawa babu. Mutanen wancan zamani sun zana hotunansu a jikin duwatsun hamada.

Tafkin Cadi ya cika ya batse. Wajen shekara 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000. Wato ya ninka Jihar Jigawa sau 15. Ruwansa ya fi na yanzu tudu da kimanin mita 40. Igiyar ruwa ta tara yashi a bakinsa, ya zama dogon tudu. Tudun yana nan har yau. Ya bi ta Bama da Maiduguri ya nufi wajen Gaidam. Wani ɓangare na birnin Maiduguri a kansa yake zaune.

Tafkin bai iso Birniwa ba. Amma kogunanmu sun cika, fadamu suka yalwata, kifi ya wadata.

Ga wata shaida mai ban mamaki. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu. Da ya kai zurfin mita 5 sai ya ci karo da itace. Ashe kwale-kwale ne. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ƙasar Jamus suka tone wurin. Tsawon jirgin ya haura mita 8. Da aka auna itacen, sai aka ga ya kai shekara 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwa da ya girme shi ba a duk Afirka. Kada sunan ƙauyen ya ruɗe mu: wannan ba jirgin Annabi Nuhu ba ne, Alaihissalam. Ƙaramin jirgi ne na mutanen bakin kogi. Ku lura kuma, mai haƙar rijiya ne ya gano shi, ba mai digiri ba.

Daga wajen shekara 5,000 da suka wuce ruwan sama ya sake raguwa. Babban tafki ya yi ta janyewa. Wurin da ya fi zurfi, wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Cadi, ya bushe ƙurmus. Farar ƙurar da ke gindinsa ita iska ke kwasowa ta kawo mana lokacin hunturu. Hazon da ke rufe mana rana, mai yawansa daga can yake. Yana sa tari, amma yana ƙara wa gona ɗan taki. Kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga ita ma a ƙananan tafkuna take taruwa in ruwansu ya ƙafe.

MATAKI NA 6: KOGIN HAƊEJIA NA YAU

Kogin Kano da Kogin Calawa su suka haɗu suka zama Kogin Haɗejia. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos ya taso. A ƙasar dutse kogi yana bin hanya guda da sauri. Amma da ya shigo cikin ƙwarya sai ya tarar da ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ga kuma tsofaffin tuddan rairayi sun tare masa gaba. Sai ya rage gudu, ya rarrabu, ya bi kwarin da ke tsakanin tuddai. Haka aka sami Kogin Kafin Hausa, da Burum Gana, da mashigar Marma wadda ke kai ruwa Tafkin Nguru. Ragowar ruwan ya taru wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya nufi Cadi.

Wannan rarrabuwa ita ta haifi fadamun Haɗejia da Nguru. Ita ta ba mu shinkafa da kifi da makiyayar rani. Ita ta ba mu dajin Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai. Kuma ruwan da ke kwanciya a fadama yana tsuma cikin yashi ya ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke kewaye.

A zamaninmu hannun ɗan Adam ya shiga. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha ga Kano. Amma sun sauya halin kogi. Da can yakan cika da damina ya bushe da rani. Da ya koma gudu a hankali duk shekara, sai kacala ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a bayanta. Wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa, wasu ya daina zuwa musu.

Sama ma ba ta tsaya wuri guda ba. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914. An yi fari mai tsanani a 1973 da 1984. Tafkin Cadi, wanda a 1963 ya ɗan fi Jihar Jigawa faɗi, ya ragu ƙwarai a waɗancan shekaru. Sai ga shi kuma an yi mummunar ambaliya a 2012 da 2020 da 2022, ta ci gidaje da gonaki a masarautar Haɗejia.

ABIN DA ZA MU KOYA

Na farko, kada mu tashi hamadar da ke barci. Wanda ya sare itace a kan jigawa, ya kwashe kara da ciyawa ƙaf, ya kwance wa rairayi ɗauri. Wanda ya je Yusufari a Jihar Yobe ya ga tulin rairayi mai tafiya. Mu bar gawo da aduwa da kalgo da sabara su tofo a gona. Mu dasa darbejiya da dakwara a jere ta gefen arewa maso gabas, inda iska ke fitowa. Mu bar wani abu na kara a gona bayan girbi.

Na biyu, ruwa ba ya manta hanyarsa. Kwarin da ya shekara 20 a bushe, tsohuwar hanyar kogi ce. Ranar da ruwa ya yi yawa ta nan zai biyo. A yi gida da rumbu da makaranta a kan tudu, a bar kwari ga shinkafa da lambu. Kafin a sayi fili a tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a manyan ambaliyoyin baya.

Na uku, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da iyaka. A Borno an yi burtsatse masu zurfi a shekarun 1960, ruwa na fitowa da kansa ba inji. Aka bar da yawa suna zuba dare da rana, har ƙarfinsu ya ragu, wasu suka tsaya. Da aka auna, sai aka ga ruwan ya kai kimanin shekara 20,000 a ƙasa. Tsohuwar ajiya ce, damina ɗaya ba ta mayar da ita. Kada mu bar famfo yana zuba a banza.

Na huɗu, yashi yana tsotse ƙazanta kamar yadda yake tsotse ruwa. A nisanta masai da juji da turken dabbobi daga rijiya, aƙalla taku 40. A ɗaure bakin rijiya, a yi mata murfi.

Na biyar, gyaran hanyar ruwa aikin gayya ne. In an kira aikin cire kacala, kowa ya fito. Rigakafi ya fi magani.

SABABBIN KALMOMI

Miliyan: dubu sau dubu.
Dutsen gindi: dutse mai tauri da ke ƙarƙashin yashi da yumɓu.
Kwarin Cadi: babbar ƙasa mai lotsawa wadda kogunanta ke gangarawa Tafkin Cadi.
Madatsar ruwa: ginin da ake tare kogi da shi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa mai haƙar rijiya ba ya samun dutse a Birniwa?
2. Wace shaida ce ta nuna teku ya taɓa rufe ƙasar Gombe?
3. Mene ne asalin jigawar da muke nomawa?
4. A wace shekara aka gano jirgin Dufuna, kuma wa ya gano shi?
5. Kawo abu biyu da za ka yi don kare gonarka daga rairayi.

AIKIN AJI

Malamin aji ya gayyato mai haƙar rijiya na garinku. Ya faɗi irin ƙasar da yake samu daga sama har zuwa ruwa, da zurfin kowace, gaba nawa ne. Kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa da hannunsa. A aiko mana da abin da aka rubuta ta hannun mai kula da azuzuwa na ƙaramar hukuma, tare da sunan gari. Za mu buga waɗanda suka fi kyau.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa da iyalinsa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, amin.